Kuɗin IPL ya sauya mudun da ake auna gwanayen jifa a wasan kurket



Wani zai ce me ya haɗa mu da kurket, mu da ƙwallon ƙafa da dambe muka sani. Gaskiya ne, amma ga yaranmu da ke makarantu a nan Legas sun fara riƙe sandar wasan, wasu cikinmu kuma sun koyi kallonsa a wuraren aiki tare da Indiyawa. Bayan taronmu na ƙarshe gardama ta kaure tsakanin matasa kan wanda ya fi iya jifa, Jasprit Bumrah na Indiya da ke tashe yanzu, ko su Malcolm Marshall da Muttiah Muralitharan na da. Kowa ya zaro waya yana karanto alƙaluma. Mu dai a ganinmu alƙaluma ba za su raba wannan gardama ba, domin mudun da aka auna na da ya sauya, kuma kuɗi ne suka sauya shi.

Ga wanda bai san wasan ba, aikin mai jifa shi ne ya fitar da mai bugu, ko ya hana shi tara maki. Tsohon salon wasan, wanda ake kira Test, yana kai kwana biyar, mai jifa yakan yini yana ɗana wa mutum ɗaya tarko. Sabon salon, T20, ana gama shi cikin kamar awa uku, kuma ba a yarda mai jifa ya wuce jifa 24 ba.

A kan wannan sabon salo aka gina gasar IPL ta Indiya a 2008, inda attajirai da kamfanoni ke mallakar ƙungiyoyi suna sayen 'yan wasa a gwanjo. A 2022 an sayar da haƙƙin nuna gasar na shekara biyar a kan sama da dala biliyan 6. A gwanjon Disambar 2023 an sayi Mitchell Starc, mai jifa ɗan Ostireliya, a kan rupi miliyan 247.5, don aikin kamar wata biyu. Ba mu ga laifinsa ba. Wa zai ƙi? Ɗan wasa gwiwa da kafaɗa ne jarinsa, kuma ba sa daɗewa.

Sai dai a duba abin da ya biyo baya. Gasar SA20 ta Afirka ta Kudu, wadda aka fara a 2023, duk ƙungiyoyinta shida na masu ƙungiyoyin IPL ne. A Fabrairun 2024 ƙasar ta riƙe manyan 'yan wasanta a gida saboda wannan gasa, ta tura sabbin hannu New Zealand buga Test, aka cinye su duka wasanni biyun. Tun kafin nan, a 2022, Trent Boult na New Zealand ya ajiye kwantiraginsa da hukumar ƙasarsa, ya samu damar zagaya irin waɗannan gasanni.

To yanzu a dawo kan alƙaluman. Muralitharan na Sri Lanka ya fitar da mutum 800 a wasannin Test 133. Shane Warne 708. James Anderson na Ingila ya kai 704, amma sai da ya buga wasa 188, kuma bai taɓa buga IPL ba. Bumrah fa? A rangadin Ingila na 2025 wasa uku kawai ya buga cikin biyar, domin ana lallaɓa bayansa. Mutumin da ake raba jikinsa tsakanin ƙasa da ƙungiya da salo uku na wasa ba zai ga 800 ba, ko da ya fi kowa iyawa. Wanda ya ce ƙarancin adadinsa shaida ce ta gazawa bai yi masa adalci ba.

Masu goyon bayan Bumrah su ma suna da tasu zamba cikin aminci. Suna cewa ya kai mutum 200 yana ba da ƙasa da maki 20 kan kowane mutum, abin da Marshall na West Indies bai yi ba, shi da ya tsaya a 20.94 da mutum 376. Haka ne. Amma masu bugun zamanin Marshall an horar da su ne su kare kansu yini guda, na yanzu kuwa T20 ta koya musu kai duka, suna saurin faɗawa tarko. A ɗaya gefen, sandunan yau sun fi kauri, kuma akwai bidiyon kowace jifa da abokan hamayya ke nazari. Ta ina za a fara cirewa da ƙarawa?

Abin da muke ganin ya fi kusa da gaskiya shi ne a auna kowa da tsararsa. A gasar cin kofin duniya ta T20 ta 2024 Bumrah ya fitar da mutum 15, yana ba da maki 4.17 kacal a kowace jifa shida, aka zaɓe shi gwarzon gasar. Wannan ya isa a jinjina masa ba sai an tono Marshall daga kabari ba.

Maganar ta shafe mu kai tsaye. Ƙasashe 12 ne kawai ke buga Test, babu Najeriya a ciki. Nasarar da 'yan matanmu 'yan ƙasa da shekara 19 suka yi a kan New Zealand da maki biyu a Maleshiya, a Janairun 2025, a T20 aka yi ta. Saboda haka yaron da ke zuwa filin kurket na dandalin Tafawa Balewa, idan zai ci abinci da wannan wasa, ta jifa 24 zai ci. Masu horar da shi su daina cika masa kunne da 800, su koya masa yadda zai sa ƙwallo a gindin ƙafar mai bugu sau shida a jere.