Ba Fentin Bango Ba Ne

Wani marubuci ya ce zane-zanen Amurkawan nan, Mark Rothko da Barnett Newman, launi ne kawai aka shafa a ƙyalle, kowane mai fentin gida zai iya, 'yan kasuwa ne suka hura musu farashi. Batun farashi na yarda. Sauran maganar kuwa ba ta kama hanya ba.

In kowa zai iya, me ya faru a Amsterdam? A 1986 wani mutum ya yayyanka babban jan zanen Newman da wuƙa a gidan tarihi na Stedelijk. Da aka dawo da shi daga gyara a 1991, masana suka ce launin ya mutu, suka zargi mai gyaran da shafe shi da rola. Jan yana nan, to ina zurfinsa ya tafi?

Rothko ya kasance yakan tsinka fenti ya shimfiɗa shi wani bisa wani, har na ƙasa ya riƙa leƙowa ta gefe kamar garwashi a cikin toka. Hoto ba ya ɗauko wannan. Shin marubucin ya taɓa tsayawa dab da zane ko guda, ko a fuskar waya ya yanke hukunci?