Binciken Tsaro a Afirka: Ana Ƙirga Matattu, An Manta da Masu Ciwon Gajiya

Rahoton ta'addanci na duniya na 2025, wanda Cibiyar Nazarin Tattalin Arziki da Zaman Lafiya da ke Sidni ta fitar, ya nuna cewa sama da rabin mutanen da ta'addanci ya hallaka a duniya a 2024 a yankin Sahel suka mutu. Irin waɗannan alƙaluma su ne jigon binciken masana kan tsaron Afirka: yawan hare-hare, yawan gawarwaki, yawan ƙauyukan da aka tasa. Abin da ba kasafai ake bibiya ba shi ne halin da jikin waɗanda suka tsira yake ciki.

Amurka ta riga ta ɗanɗana kuɗar wannan sakaci. Daga cikin sojojinta kusan 700,000 da suka je Yaƙin Tekun Fasha na 1990 zuwa 1991, wani kwamitin bincike ya ƙiyasta a 2008 cewa aƙalla ɗaya cikin huɗu na fama da rashin lafiya mai ɗorewa, kuma matsananciyar gajiya na cikin manyan alamominta. An shafe shekaru ana cewa damuwa ce kawai. Yau hukumar kula da tsofaffin sojojin ƙasar na biyan diyya kan ciwon gajiya mai ɗorewa.

Ciwon ya bambanta da gajiyar ɗan kasuwa bayan wunin ciniki. Bisa ƙa'idar da Cibiyar Nazarin Lafiya ta Amurka ta shimfiɗa a 2015, mai shi kan kasa ayyukan da ya saba har fiye da wata 6, barci ba ya wartsakar da shi, kuma ɗan ƙaramin aiki kan kwantar da shi na kwanaki. Babu gwajin jini guda da ke tabbatar da shi. A nan matsalar take: wanda gwaji bai nuna masa komai ba, sai a kira shi malalaci, ko a yi ta ɗura masa maganin maleriya da taifod.

Ba kuwa ciwon Turawa ba ne. Binciken da Mary Gloria Njoku da Leonard Jason da abokiyar aikinsu suka wallafa a 2007 ya gano shi a kashi 0.68 cikin 100 na manyan da aka bincika a Najeriya, sama da kashi 0.42 da aka samu a birnin Chicago.

Tun 2009 ake gwabzawa da Boko Haram. A watan Agustan 2018 sojoji sun yi bore a filin jirgin saman Maiduguri, suna ƙorafin an bar su a bakin daga fiye da kima. Ba kowace gajiyar soja ce wannan ciwo ba, kuma kuskure ne a haɗa su kai tsaye. Sai dai ba za a iya rarrabewa ba matuƙar masanin tsaro na sashensa, likita na nasa, kowa na neman tallafin bincike daban. Wanda zai ji a jikinsa shi ne soja ko ma'aikacin da ya tsaya gaban kwamitin likitoci yana neman hutun jinya ko fansho, da ciwon da babu sunansa a takardar da ke gabansu.