Ficewa daga CEDEAO: wa ya tambayi mai albasa?

Ranar 28 ga Janairu 2024 aka karanta a Télé Sahel cewa Nijar ta bar CEDEAO, ficewar kuma ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025. Majalisa ba ta zauna ba, ba a yi ƙuri'ar raba gardama ba.

Lalle ƙungiyar ta zalunci talaka: takunkumin 30 ga Yuli 2023 ya rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wuta. Amma fushi ba ya sayen albasa.

Manomin fadamar Tarka a Madawa, in buhu ya cika, kasuwar Akara yake hange. Saurayin Buza ko Keita, da an gama girbi, sai biɗa Kano ko Legas. Abijan da sauƙi, tunda Nijar na cikin UEMOA. Gana da Najeriya ba su ciki. Shiga ba biza har kwana 90, da yarjejeniyar 1979 ta ba ɗan Adar haƙƙi, ta koma alfarma: a Janairu 2025 CEDEAO cewa ta yi ƙofa na buɗe kafin wata sanarwa. Ranar da aka janye alfarmar, wane ministan Yamai zai biya manomi buhunan da suka ruɓe bakin iyaka?