Kama da Wane Ba Ta Wane: Baƙon Ƙwaro a Gindin Rumbunmu

A ƙarshen watan Satumba, gero ya nuna ana haramar girbi, na je gida Amarawa, garinmu na bakin iyaka a ƙaramar hukumar Illela, domin gaishe da tsohuwa. Washegarin isata, ina alwalar La'asar, sai na ji hayaniya ta bayan rumbu. Ɗan wana, wanda ke ajin ƙarshe a sakandare, ya sheƙo da waya a hannu yana cewa, "Baffa, zo ka ga wanga ƙwaro, waya ta ce shi ka kashe mutane."

Yara ne suke gyara gindin rumbun kafin a kawo sabon dami, suka ɗaga wani tsohon gungume, abin ya fito. Na tarar an kife shi da kofin gilashi, mata sun ja baya, Yaya kuwa har ya aika a ɗauko masa kwalbar fiya-fiya. Niyyarsa a feshe gindin rumbun da ɗakin Inna da na yara gaba ɗaya, tun da an ce inda aka ga ɗaya akwai goma.

Na tsuguna na dube shi. Tsawonsa ya kusa santimita 4, wato kamar gaɓa biyu ta ɗan yatsa. Baƙi ne wuluk, da ɗigo fari guda biyu a bayansa, ɗaya a kowane fiffike, kamar idanu. Ƙafafunsa kuma an yi musu ɗamara da ruwan ɗorawa. Gaskiya abin tsoro ne a ido, kuma ban ga laifin matan ba. Amma abin da wayar ta faɗa shi ya fi ɗaukar hankalina. Yaron ya ɗauki hoto ya sa a wata manhaja mai gane halittu, ita kuwa ta ba shi sunan wani ƙwaro da Turawa ke yi wa laƙabi da "mai sumba", ya bi sunan a intanet, ya karanta cewa yana yaɗa cuta mai lalata zuciya.

Abin da ya karanta ba ƙarya ba ne, sai dai labarin wata nahiya ne. Cutar sunanta Chagas, daga sunan likitan Brazil, Carlos Chagas, wanda ya bayyana ta a 1909. Ƙwayar da ke haddasa ta 'yar uwa ce ga wadda ƙudan tsando ke sa wa shanunmu sammore. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu ɗauke da ita da kimanin mutum miliyan 7, akasarinsu a ƙasashen Latin Amurka, inda ƙwaron ke ɓuya a tsagar bangon ƙasa, ya fito da dare ya sha jinin mai barci, ya yi kashi kusa da wurin cizon, mutum ya sosa ya tura ƙwayar cikin jikinsa da hannunsa. Wancan mashayin jini ne. Namu na gindin rumbu danginsa ne, gida ɗaya suka fito, gidan da masana ke kira Reduviidae mai jinsi kusan 7,000, amma sana'arsu ba ɗaya ba ce. Mafi yawan 'yan gidan mafarauta ne, abincinsu 'yan uwansu ƙwari. Wanda ke cikin kofin shi ne Platymeris biguttatus, wanda Linnaeus ya sa wa suna tun 1767, kuma an san shi a yankinmu daga Senegal har Sudan. Ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Dare da ƙarƙashin itace ne kawai suka ɓoye mana shi.

Ta yaya na rarrabe? Wannan shi ne abin da nake so mai karatu ya riƙe, domin ba ya buƙatar digiri, ido kawai yake buƙata da ɗan haƙuri. A dubi baki. Launi yana ruɗi, girma yana ruɗi, amma baki kayan aiki ne, kuma da kayan aiki ake gane sana'ar mutum: wanda ka gani da aska ba ka tambayar ko maƙeri ne. Na sa aka ɗaga kofin da kwali a ƙarƙashinsa, muka leƙa ta gefe. Kan ƙwaron siriri ne, da ɗan wuya a bayan idanu, bakinsa kuma gajere, kakkaura, a lanƙwashe kamar ƙugiya, ya naɗe shi ƙarƙashin kai har tsininsa ya kwanta cikin wani ɗan kwari a ƙirjinsa. Wannan bakin mafarauci ne. Da shi yake soke kyankyaso ko gyare ko tsutsa, ya zuba musu yawu mai dafi wanda ke shanye jikinsu nan take, ya narkar da kayan cikinsu, sannan ya zuƙe, ya bar ƙwanso. Da muka sake duba inda gungumen yake, sai ga busassun gawarwakin kyankyaso guda uku, ba nauyi, kamar ɓawon gyaɗa. Shaidar ke nan, ba sai an rantsar da kowa ba.

Kwatanta shi da ƙwarin da ke tsotse kwanson wake a gonakinmu har ya motse ya bushe. Su ma suna da baki mai tsini, kuma daga nesa ƙirarsu ta yi kama da ta wannan, amma nasu bakin dogo ne, siriri kamar allura, miƙe sambal a kwance tsakanin ƙafafu. Irin wannan na tsotson tsiro ne. Shi kuwa mai sumbar Latin Amurka, bakinsa siriri ne miƙaƙƙe, ba lanƙwasa. Ƙafafun gaba ma suna ba da labari: na mafarauci sukan fi kauri, domin da su yake cafke abin da ya kama, kamar yadda kowa ya sani a jikin ƙoƙi-ƙoƙi. Wani abin mamaki, a gonar auduga akwai wani ɗan gidan nan mai suna Phonoctonus da ke sanye da ja da baƙi sak irin na jan ƙwaron da ke ɓata auduga, yana yawo a cikinsu yana cin su. Manomin da ya yi hukunci da riga zai kashe ɓarawo da ɗan sanda tare.

Kada a fahimce ni ba daidai ba, ban ce abin wasa ba ne. Idan aka damƙe shi da hannu zai soki mutum, kuma zafin ya fi na harbin rina, wurin ya kumbura ya yi kwanaki. Yana kuma iya tsartar da dafinsa, idan ya sami ido sai ya yi raɗaɗi mai tsanani, gani ya dushe na ɗan lokaci. Maganin farko shi ne a wanke idon da ruwa mai tsabta mai yawa, a kuma tafi asibiti idan bai lafa ba. Shi ya sa na hana yara kusantar da fuska. Amma ba ya neman mutum, ba ya shan jini, ba ya ɗauke da waccan cuta. Cikin ƙwarin da ke zuwa wa fitila a wannan lokaci na shekara, hangara ta fi shi ɓarna ga fatar yaro, domin ita da an murje ta a wuya sai bororo.

To, a ɗora wannan a sikeli da abin da ke cikin kwalbar da Yaya ya aika a ɗauko. Fiya-fiya, a mafi yawan lokuta, guba ce mai suna dichlorvos, wadda aka yi domin gona da sito, ba domin ɗakin da tsohuwa mai tari ke kwana ba. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen waken Nijeriya ƙasashenta saboda yawan ragowar wannan guba da aka samu a cikinsa. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabenta a kasuwanni. Duk da haka, wanda ya zaga ranar kasuwa a kowane gari na bakin iyaka zai gan ta a faranti, an ɗura a kwalbar da ba takarda ba kwanan wata, kusa da ashana da sabulu. Mun kusa zuba ta a gindin rumbun da za mu ci shekara daga cikinsa, domin mu kashe abin da ke rage mana kyankyaso. Rashin sani, in ji Bahaushe, ya fi dare duhu.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, darasin yana nan kusa da mu, a ƙetaren iyaka. Manoman gero a Nijar sun daɗe suna kuka da murzuna, tsutsar nan da ke bin zangarniya tana yi mata zane kamar murɗaɗɗiyar igiya. Tun 2006 masu bincike na cibiyar INRAN a Maraɗi, cikinsu har da Ibrahim Baoua wanda ke koyarwa a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, tare da takwarorinsu na Mali da Burkina Faso, suka soma yaƙar ta da wani ɗan mitsitsin dangin zanzaro mai suna Habrobracon hebetor, wanda bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ana kiwon sa, a sa a ƙananan buhunan algarara tare da tsutsotsin da zai hayayyafa a kansu, a rataye a ƙauye. 'Ya'yan su fito su bazu cikin gonaki, su harbi murzuna su shanye mata jiki, su yi ƙwai a kanta. Dabarar ita ce dai wadda zanzaron ɗakunanmu ke yi tun kaka da kakanni, idan ya cusa tsutsa cikin ɗan ginin laka ya liƙe. Manomin da aka rataye wa buhun nan, abu na farko da ake gaya masa shi ne kada ya yi feshi, don kada ya kashe ma'aikatansa. Gero ɗaya muke shukawa da su, harshe ɗaya, kasuwa ɗaya, amma mu har yanzu a idonmu duk mai ƙafa shida maƙiyi ne. Ba na cewa baƙin nan na gindin rumbu zai ceci gona. Shi ba ya zaɓe, abin da ya cafka shi ne abincinsa, ko mai amfani ko mai ɓarna. Ina cewa ne hannun da ya saba feshi kafin dubawa ba zai bar ko da mai amfanin ba.

Saura batun wayar. Ban ga laifin yaron ba, hasali ma ya yi abin da ya dace, ya nemi sani. Irin waɗannan manhajoji suna koyo ne daga hotunan da mutane suka tara, kuma mafi yawan hotunan daga Amurka da Turai aka ɗauke su. Idan ka nuna mata ƙwaron Amarawa, sai ta laluba cikin waɗanda ta sani ta ba ka mafi kama, kamar baƙon da ya ga Bafillace ya kira shi da sunan wani da ya taɓa gani a wata ƙasa. Amsarta mafarin bincike ce. Tambayar da ya kamata ɗalibi ya bi ta da ita ita ce, shin wannan halitta tana rayuwa a ƙasarmu ma kuwa? Minti biyu na karatu sun isa su nuna cewa waccan cuta da ƙwaronta na wata nahiya ne.

Na tambayi dattawa biyu a ƙofar masallaci sunansa da Hausa. Dukansu sun ce sun sha ganin sa a cikin itace, ɗaya ma ya ce ya taɓa harbin sa yana yaro, amma suna ya ɓace musu. Wannan ya tsaya mini a rai. Wanda ya taɓa buɗe ƙamusun Bargery na 1934 ya san yawan sunayen fara da tururuwa da sauran ƙwari da kakanninmu suka bai wa mai tattarawa, kowane iri da sunansa. Mutanen da suka rarrabe babe da sauran fara, suka rarrabe gwano da cinnaka, masu kallo ne na gaske. Yau jikokinsu masu digiri suna da kalma ɗaya tal, ƙwaro, da magani ɗaya tal. Ɗalibanmu na sashen nazarin halittu da na aikin gona da na harsunan Nijeriya, a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da sauran jami'o'in Arewa, suna neman batun kundin kammala karatu kowace shekara. Ga batu a gindin kowane rumbu: a ɗauki hoto mai kyau ta sama da ta gefe yadda baki zai fito, a rubuta gari da wata da inda aka same shi, a zauna da tsoho ko tsohuwa a tambayi suna tun suna da rai.

Yaya dai bai gamsu da duk bayanina ba, amma busassun kyankyasan nan sun yi masa magana. Ya ce, "To Dakta, tun da abokinka ne, sai ka raka shi." Na ɗauki kofin da kwalin, yara na biye da ni daga nesa, muka kai shi tarin itacen da ke bayan gari muka kife. Ya ɗan tsaya, sannan ya shige ƙarƙashin ɓawo. Inna ta sa aka share gindin rumbun aka barbaɗa toka, kamar yadda ta saba, kwalbar kuwa aka mayar da ita ba a buɗe ba.

Mako guda bayan na koma Sakkwato, yaron ya aiko mini da hoton wani ƙwaro da ya kama a gonar wake. Bai sa sunan da waya ta ba shi ba. Abin da ya rubuta kawai shi ne, "Baffa, wanga bakinai dogo ne, miƙe."