JIRGI YA SAUKA LAFIYA, TO MU FA?

Jama'a, akwai maganar da muke ta zagayawa ba mu son faɗi. Duk lokacin da aka ce filin jirgi, hankalinmu sai ya tafi kan gini: rufi mai ƙyalli, gilashi, na'urar sanyi, manya sun zo sun yanke kyalle an ɗauki hoto. Ni kuwa a wurina ma'aunin filin jirgi ɗaya ne: daga ƙofar jirgi zuwa ƙofar gidanka, nawa ka kashe, awa nawa ka ɓata, kuma da wane irin fargaba ka iso? Idan aka auna da wannan, mutumin Mada da Tsafe da Bungudu har yau bai ga amfanin da ake ta yi masa waƙa ba.

Mu ɗauki filin jirgin Malam Aminu Kano, inda mafi yawan 'yan Umararmu da 'yan kasuwarmu suke sauka. Shi ne mafi tsufa a ƙasar nan. Tun 1925 jirgi ya fara sauka a Kano, kuma filin yana aiki tun 1936. An gina masa sabon ɓangare da bashin China, tare da na Abuja da Legas da Fatakwal. Ginin ya yi kyau, ba wanda ya musa. Amma tambayi dattijon da ya dawo daga Jidda da jarkar zamzam da buhun dabino abin da ya gani tsakanin saukarsa da fitarsa. Wannan ya buɗe jaka, wancan ya sake buɗewa, na uku ya yi murmushi ya ce "Alhaji ina tsarabarmu?" Mai tura amalanke ya kama kaya ba a sa shi ba, sai an kai bakin mota ya yanka kuɗinsa. Direba ya dubi jallabiyarka da carbinka ya sa maka farashi, alhali filin nan a cikin gari yake, daga shi zuwa Sabon Gari ko Fagge tafiyar 'yan mintoci ce.

Kada wani ya ce mini sharri ne. Gwamnati da kanta ta san da wannan. A watan Mayun 2017 Farfesa Yemi Osinbajo, yana muƙaddashin shugaban ƙasa, ya sa hannu a kan umarnin da ya haramta 'yan kamasho a filayen jirgi da tashoshin ruwa, ya ce ma'aikacin da aka kama yana roƙo ko karɓar na goro a cire shi daga wurin, ya kuma ce hukumomi su haɗa bincikensu wuri ɗaya maimakon kowa ya kafa teburinsa. Doka tana nan a takarda. Wanda ya bi ta filin jirgi kwanan nan shi zai faɗa mana ko ta sauko daga takarda.

Kuma abin ya wuce na goro. Kun manta ɗalibar nan da aka kama a Saudiyya a ƙarshen 2018 saboda jakar ƙwaya da aka liƙa wa sunanta a filin jirgin Kano, ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba? Sai a Afrilun 2019 aka sako ta, bayan bincike ya nuna wasu ma'aikata ne suka yi aika-aikar. A 2025 ma hukumar NDLEA ta sanar da kama wasu a wannan filin kan irin wannan laifin, bayan an tsare masu Umara uku a Jidda. Ƙasar da hukuncin safarar ƙwaya a cikinta kisa ne fa! Ran mutum ake wasa da shi a kan ɗan tikitin da ake mannawa a jaka.

To ka fito lafiya, ka shiga mota. Ga Bakano an gama. Ga mu kuwa yanzu aka fara. Daga Funtuwa zuwa Sheme, Yankara, Wanzamai, Kucheri, Tsafe, Magazu, har Kwatarkwashi inda ɗan Mada zai ratse, kowa ya san addu'ar da ake yi a cikin mota da yadda hira take mutuwa. Idan jirginka ya sauka da la'asar, ka kwana a Kano, ba shawara. Ga kuɗin masauki, ga na abinci, duk a kan mutumin da guzurinsa ya riga ya ƙare. A 2024 gwamnatin Zamfara da kanta ta hana wucewa ta iyakokin Yankara da Bimasa daga bakwai na yamma zuwa shida na safe. Alhazanmu da suka shekara da shekaru suna tashi daga Sakkwato su ma sun san hanyar Tureta, Talata Mafara, Maru da Bungudu. Mutum ya ƙetare Bahar Maliya yana barci, sai a kilomitan ƙarshe na jiharsa ne zuciyarsa take dukan uku-uku.

Waɗanda suka je Umara sun ga yadda wasu suke yi. A sabon filin jirgin Jidda tashar jirgin ƙasa na Haramain tana cikin ginin, ka sayi tikiti da farashi ɗaya ga kowa, cikin awa guda kana Makka. Za a ce ai su masu kuɗi ne. To, a nan Abuja ma akwai jirgin ƙasa daga filin jirgi zuwa cikin gari, an buɗe shi a 2018, ya tsaya a 2020, aka dawo da shi a 2024. Kuma allon da za a rubuta kuɗin tasi a kafa a bakin ƙofa, shi ma sai an haƙo mai? Bas mai ɗaukar fasinja daga filin jirgi zuwa tasha, shi ma sai an ciwo bashi daga China?

Wannan ya kawo ni kan filin jirgin Gusau da gwamnatin Dauda Lawal ta ƙaddamar da aikinsa a 2024. Na ga mutane sun rabu gida biyu, kowa da hular jam'iyyarsa. Wasu sun ce asarar kuɗi ce, talaka ba ya hawa jirgi. Ban yarda ba. Maniyyacin da ya sayar da shanunsa da waken suyarsa ya biya kujera talaka ne, kuma rage masa tafiyar Sakkwato alheri ne babba. Wasu kuma sun ce shi ke nan, matsala ta ƙare. Su ma ban yarda da su ba. Jirgi a Gusau zai ajiye ka, ba a kasuwar Mada ba. Idan hanyar Kwatarkwashi zuwa Mada ba ta da tsaro, masu hali za su tsallake ta sama, mu a bar mu a ƙasa da 'yan bindiga. Idan kuma aka kwaso halin "ina tsarabarmu" aka zuba a sabon gini, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Don haka abin da ya kamata mu riƙa tambayar wakilanmu a Gusau da Abuja ba ya da wuya. Bincike a tebur ɗaya, kowane ma'aikaci da sunansa a ƙirji da lambar da za a kai ƙara. A auna jaka a manna mata suna a gaban mai ita, ƙarƙashin kyamara. A rubuta kuɗin mota a allo. A samar da bas zuwa tasha. Sannan a ɗauki tsaron hanyar Funtuwa zuwa Gusau da rassanta a matsayin wani ɓangare na aikin filin jirgin.

Mu ma da namu. Mu daina miƙa hannu da an yi mana murmushi, don kowace naira da ka bayar tana ƙara wa na bayanka farashi. Mu daina karɓar saƙon da ba mu buɗe ba, ko na wane ne. Wanda zai raka tsohuwarsa, ya ƙirga jakunkuna ya ɗauki hoton tikitinsu kafin a rabu.

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Wanda ya bi ta Kano ko Sakkwato kwanan nan, ya faɗa mana nawa ya kashe daga ƙofar jirgi zuwa gida, mu ga lissafin a fili.

Allah ya tsare matafiyanmu, ya ba mu zaman lafiya a Zamfara.