Zakkar da Ke Tsayar da Mutum da Ƙafarsa

Tun lokacin da ambaliyar daminar 2022 ta rushe gidajen ƙasa a Gashuwa da ƙauyukan Karasuwa, har magidanta masu rufin asiri suka koma kwana a azuzuwan makaranta, masallatai da ƙungiyoyin addini ba su yi ƙasa a gwiwa ba wajen rabon gero da tabarmi, Allah Ya saka musu da alheri. Sai dai mudun gero yakan ƙare kafin Juma'a ta zagayo, wanda kuwa ya saba tsayuwa a layi, sannu a hankali kunyar roƙo takan fita daga idonsa.

Alhali shari'a ba ta ƙuntata mana ba, domin malaman Malikiyya sun halatta a ba fakiri daga zakka abin da zai ishe shi shekara guda, na Shafi'iyya kuma suka ce mai sana'a kayan sana'arsa za a saya masa. Asalin wannan kuwa yana cikin sunna, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ɗaura wa wani mutumin Madina ƙota a gatari da hannunsa mai albarka, ya tura shi yin itace.

Saboda haka, da za a tattara ushurin hatsi, da akuyar nan guda da ke fita cikin arba'in, a hannun amintattu, maimakon kowa ya warwatsa zakkarsa a ƙofar gida, da masuncin Nguru ya samu koma da kwalekwale, manomin rani a fadamar Gashuwa ya samu injin ban-ruwa, bazawara mai marayu a Jajimaji ta samu awakin kiwo, attajirai kuma su yi wakafin filaye a kan tudu inda ruwa ba ya kaiwa.

Na san za a ce mai jin yunwa kasuwa zai kai akuyar. Haƙiƙa haka ne, shi ya sa ciyarwa ke gabatar jari, kuma wajibi ne liman da mai unguwa, waɗanda suka san ciki da bai na kowane gida, su riƙa bibiya har kaka. Ran nan sai kwamitin amintattun ya faɗa wa jama'a mutum nawa cikin waɗanda suka karɓa bara suka fitar da tasu zakkar bana.