Ƴan mazan jiya suna ƙarewa, mu muna gardamar ko su wane ne



Duk wanda ya taɓa aiki a gidan rediyo ya san kominiken rasuwa. Takarda ce guda, sunayen dangi su cika layi goma sha biyar, iyalan wane a Damagaram, iyalan wane a Mirriya, a Yamai, a Kano, shi kuwa mamacin layi ɗaya ke gare shi: sunanshi, ranar da ya cika, da wurin zaman makoki. Ba laifin kowa ba ne, minti ake ƙirgawa kuma kuɗi ake biya. Amma akwai mutanen da in aka bar su da layin nan guda an ci amanarsu, kuma ƴan mazan jiya na cikinsu.

Wani dattijo ya rasu a kartiyenmu kwanan nan. Ba zan faɗi sunanshi ba, iyalinshi ba su sa ni ba, kuma shi kanshi mutum ne da ba ya son a nuna shi. A katinshi an rubuta "né vers 1934", wato an haife shi wajejen 1934, kamar yadda ake rubuta wa iyayenmu da aka yi wa ƙiyasin shekaru da ido. In lissafin ya yi daidai ya haura 90. Soja ne na zamanin Nasara, ya yi yaƙin Aljeriya, ya dawo gida daf da samun mulkin kai. Daga nan ya yi gadin mangazar gujiya shekaru masu yawa, yana noma gonar gado da damina.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, a wurin zaman makokin ne na ji wani saurayi, ɗan lekol da iliminshi, yana cewa a hankali wai ai irin su ne suka yi wa Faransa bauta. Ban yi mamaki ba. Tun da sojojin Faransa suka fita daga ƙasar nan a Disamba 2023, kuma aka cire sunan de Gaulle daga babban titin Yamai aka sa na Djibo Bakary a 2024, matasa suna sake duba tarihi da idon su, kuma wannan abu ne mai kyau. Sai dai in za a duba, a duba duka. Ƙiyayyar mulkin mallaka daban, zagin wanda mulkin mallaka ya tauna ya tofar daban.

Yaya aka yi ɗan talaka daga karkarar Damagaram ya tsinci kanshi a duwatsun Aljeriya? Rundunar da ake kira tirailleurs sénégalais, gwamna Faidherbe ya kafa ta a 1857. Sunan Senegal kawai ta ɗauka, amma mutanenta daga ko'ina aka kwaso su, Mali, Burkina, Gine, Benin, har da mu. Daga 1919 aikin soja ya zama tilas a yankin Afirka ta Yamma da Faransa ke mulki, shekara uku. Kumandan zai aiko wa sarki adadin samarin da yake so, sarki ya raba wa masu gari, mai gari ya duba gidan da ba su da bakin magana. Ɗan sarki da ɗan mai kuɗi ba kasafai suke shiga layi ba. Akwai waɗanda suka shiga da kansu, gaskiya ne, don gudun haraji da aikin tilas da yunwa, ko don sun ga wani ya dawo da kaki da takalmi. Ko wannan ɗin, ku gaya mini, zaɓi ne na mutum mai ƴanci?

Kuma in za a kira su bayin Faransa, to a shirya kiran wasu da yawa. Janar Seyni Kountché a cikin sojan Faransa ya fara, ya yi Indocin, ya yi Aljeriya. Rundunar ƙasarmu da aka kafa a 1961, da waɗannan mutane aka aza tubalinta, su suka koya wa na baya fareti da riƙon bindiga. Oumarou Ganda, wanda babban gidan al'adu na Yamai ke ɗauke da sunanshi, shi ma Indocin ya je yana yaro matashi, ya dawo ya yi fim ɗin Cabascabo a kan sojan da ya dawo da ƴan kuɗinshi, abokai suka taya shi cinyewa suka watse. Wanda bai ga fim ɗin nan ba ya nema, zai gane kakanshi a ciki.

Ban ce hannunsu fari ne tas ba. Aljeriya maƙwabciyarmu ce, mutanenta musulmi ne, ƴanci suke nema daga 1954 zuwa 1962, kuma an sa baƙar fata ya tare musu hanya. Dattijon nan ya sani. Jikokinshi sun ce zai ba ka labarin jirgin ruwa, da sanyin da ya sa yatsunshi suka ƙi lanƙwasuwa, da yadda ya fara ganin ƙanƙara tana zubowa daga sama, amma in ka tambaye shi yaƙin kanshi sai ya ce a kawo mishi buta. Shekara sittin da ɗoriya bai buɗe wannan ƙofa ba. Ni a ganina mutumin da ya yi shiru haka ba ya buƙatar yaron da aka haifa bayan 2000 ya tuna mishi abin da ya gani.

Ita Faransar da ake cewa sun yi wa bauta, me ta saka musu da shi? A Thiaroye kusa da Dakar, ranar 1 ga Disamba 1944, sojojin Afirka da suka fito daga kurkukun Jamus suka nemi haƙƙinsu, aka buɗe musu wuta. Hukuma ta ce mutum 35, masana tarihi suna maganar ɗaruruwa. Sai a Nuwamba 2024, bayan shekara 80, shugaban Faransa ya yarda a rubuce cewa kisan kiyashi ne. A ƙarshen 1959 kuma, ana gab da ba mu ƴanci, suka yi doka suka daskarar da fanshon sojojin ƙasashen da suka mallaka. Na Bafaranshe yana hawa da tsadar rayuwa, na ɗan Nijar yana nan inda aka bar shi, alhali rami ɗaya suka kwanta. Sai da wani tsohon soja ɗan Senegal, Amadou Diop, ya kai ƙara, babbar kotun Faransa ta ba shi gaskiya a 2001, shi kuma ya riga ya rasu. Sai da fim ɗin Indigènes ya fito a 2006 kunya ta kama su, aka gyara wani sashe daga 2007, sauran sai 2011, shi ma wani ɓangaren sai wanda ya nema a rubuce. Tsoho a ƙauye da bai iya karatu ba, wa zai gaya mishi? Akasarinsu ƙasa ta rufe musu ido kafin gyaran ya zo.

Dattijonmu bai yi shekarun da ake ba mutum cikakken fansho ba. Abin da yake samu shi ne ɗan kuɗin nan na masu katin mazan jiya, sau biyu a shekara. Kuma shi wannan kuɗi ba a gadonshi. Ranar da mai shi ya cika, ranar ya tsaya. Tsohuwar da suka yi sama da shekara sittin tare, ko dala.

To amma ni ba yaƙin ne ya fi tsaya mini a rai ba. Soja shekara kaɗan ya yi. Sauran shekara sittin da wani abu fa? Nan ne ainihin mutumin yake, kuma nan ne kominike ba ya zuwa.

Ƴaƴanshi tara, ya haɗa da huɗu na ƙanenshi da ya rasu, kuma har suka girma baƙo ba ya iya rarrabe wane ne ɗan ciki wane ne maraya. Kwano ɗaya, bulala ɗaya, ɗinkin salla iri ɗaya. Lokacin da mutane ke ɓoye ƴaƴa mata cikin rumbu in an zo rubuta ƴan lekol, shi da kanshi ya kama hannun nashi ya kai. Aka yi ta yi mishi surutu wai Nasara ya juya mishi kai. Amsarshi ɗaya ce, ya ga yadda ake cutar wanda bai iya karanta takardar da ya dangwala wa hannu ba. Yau ɗaya daga cikin ƴaƴan nan ungozoma ce, rabin yaran kartiye a hannunta suka faɗo. A yunwar 1984, wadda tsofaffi ke kira El Buhari, lokacin da Najeriya ta rufe iyaka hatsi ya yi wuya, ya sayar da kekenshi da rediyonshi, ya hana a sallami ko yaro guda zuwa gidan dangi. Matarshi ta ce shi ne na ƙarshen cin abinci a gidan, kullum, har tsufa.

Sai aikin gayya. Zamanin Samariya, lokacin da Kountché ya farfaɗo da ita, shi ne mai busa usur in za a share kwalbati ko a gina aji. Samariya ta mutu, shi bai daina ba. In an yi rasuwa, kafin a gama wanka ya riga ya isa maƙabarta da diga da shebur, kuma shi ya koya wa samarin kartiye yadda ake fidda ƴar ciki ta kabari daidai. Da ƙarfi ya ƙare, sai ya koma zama bakin ramin yana nuna musu da sanda. Ya yi horon agajin gaggawa na Croix-Rouge, ya iya ɗaure karaya kafin a kai likita. Da damina in tabkin bayan gari ya cika, can yake yini yana korar yara, don ya taɓa fiddo gawar yaro daga ciki da hannunshi. Duk ɗan Damagaram ya san wahalar ruwa da rani. A bakin pompo, in layin bidon ya rikice mata suka fara dambe, shi ake kira, ya jera kowa kamar a bariki, kuma ba a taɓa jin ya sa na gidanshi gaba ba. Lokacin da wasu ke rufe ƙofa ga masu rigakafin shan inna, ya ɗauko jikanshi ya sa aka ɗiga mishi a tsakiyar titi, kowa na gani.

Ba wanda ya biya shi ko tamma. Wannan ita ce maganar da nake so mu tsaya a kanta, mu ƴan zamani. Yau in ONG ta kira taron wayar da kai, tambayar farko ita ce nawa ne perdiem. In aka ce a fito a share magudanar ruwa, sai an kawo riga mai tambari da mai ɗaukar hoto. Ban raina matasa ba, na san babu aikin yi, na san buhun hatsi ya fi ƙarfin aljihu, kuma akwai ƙungiyoyin samari da ke ba da jini da gyaran maƙabarta ba tare da an ji su ba, Allah ya saka musu. Amma shi ma tsohon nan ba mai kuɗi ba ne. Mai gadi ne. Kishin ƙasar da muke ta rerawa a Facebook da tuta a hoton profil, shi ya yi shi da diga, shekara da shekaru, kuma bai taɓa kiran abin da wani suna ba.

Wani zai ce ai duk tsoho in ya mutu sai a mai da shi waliyyi. A'a. Mutum ne mai zafin rai, mai taurin kai, ƴaƴanshi maza sun sha wuya a hannunshi, akwai wanda ya yi shekara biyu a Legas ba ya waiwayen gida saboda faɗan uban. Tarbiyyar bariki ba duka ce ke da daɗi a cikin gida ba. Sai dai ɗan nan shi ne ya yi jinyarshi ta ƙarshe.

Akwai kuma dalilin da ya sa maganar ba ta tsofaffi kaɗai ba ce. Muna da sabbin ƴan mazan jiya suna tasowa. Sojoji 71 a Inates cikin Disamba 2019, 89 a Chinagodar cikin Janairu 2020, ban da na Diffa da Tillaberi da Tawa da ake ta rasawa har yau. Kowanensu ya bar uwa, da yawa sun bar mata da marayu, wasu sun dawo ba ƙafa, wasu sun dawo da irin shirun nan na dattijonmu. Yadda muka riƙe na jiya, haka za mu riƙe waɗannan in ganguna sun yi shiru. In ƙasar waje ta daskarar da haƙƙin kakanninmu muka kira shi zalunci, to kada a wayi gari matar sojan Nijar tana yawo daga biro zuwa biro da takardu a leda.

Abin da nake roƙo ba ya buƙatar bajet. Wanda duk ya yi Indocin ko Aljeriya, in yana raye, ya kai 85 ko ya wuce. Ƴan kaɗan ne suka rage a kowace jiha. In akwai ɗaya a gidanku ko a kartiyenku, ku je da wayar nan da ke hannunku, ku gaishe shi, ku nemi izini, ku danna rikodin. Kada ku fara da yaƙi. Ku tambaye shi wa ya rubuta sunanshi, ta wace hanya aka bi da su zuwa teku, me uwarshi ta ba shi da zai tafi, wa ya tarbe shi da ya dawo. Ku tambayi tsohuwar ita ma, don ita ta san abin da yake faɗa cikin barci. Littafin soja da katin da lambobin da ke cikin akwatin ƙarfe, ku ɗauki hotonsu kafin gara ta riga ku, kuma kada magada su sayar wa ƴan gwangwan. Muna da IRSH da CELHTO a Yamai waɗanda aikinsu ke nan adana tarihin baka, muna da jami'ar André Salifou a nan Damagaram da Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, ɗalibai na neman abin rubuta memuwar. Mu ma ƴan rediyo, minti talatin a mako ba zai karya gidan kowa ba.

Magadan gari kuma, tun da ana canza sunayen tituna, a tuna ba shugabanni kaɗai ke da suna ba. Lungun da ya bi daga masallacin kartiyenmu zuwa maƙabarta har yanzu ba shi da suna, kuma kowa ya san sawun wa ya fi yawa a kanshi.

Allah ya jiƙanshi da rahama, ya ba tsohuwa da zuri'a haƙuri.